Turaren da ya bi ta ɗaki mai tsafta

Na je Kuala Lumpur ne da niyyar in ɗan huta in wuce sarin kaya, sai korona ta rufe hanya. Haka na zauna a unguwar Bukit Jalil, a wani dogon bene, hawa na sama can, wurin 'yata ta fari. Mijinta kuma kullen ya riske shi a Kano.

'Yar fari ce, don haka ban taɓa kiran sunanta ba. "Ke" nake cewa, ita kuma ta ce "Hajiya". Tun tana ƙarama ba mu iya doguwar hira ba. Abin da na iya shi ne turare. Na sayar da shi a Jidda, na ga yadda matan Khartum ke zama a kan hayaƙi har sai fata ta sha, na yi cinikinsa da Faransanci a Kwatano. Ko'ina na je, mace mai gata ana jin ta kafin a gan ta. Saboda haka kullum da asuba nakan kunna kaskon lantarki a baranda, in kifa kwandon kabbasa a kai, in shimfiɗa kayan da za ta sa.

Ita injiniya ce a masana'antar da ke yin 'yan ƙwaƙwalen da ke cikin waya da mota. Ba a rufe masana'antar ba, tana da takardar fita. Ta taɓa nuna mini hotonta a wurin aiki, an lulluɓe ta fari fat, ido kaɗai a waje. Na ce ko mai harami bai kai wannan ba. Ta ce ai ba ita ake karewa ba, kayan ake karewa daga ita, don ɗan Adam kullum cikin zubar da ƙura yake, ko yana tsaye cak. Aikinta ke nan, farautar ƙurar da ido ba ya gani.

A lokacin ƙurar ta yi yawa a sashenta, faya-fayan silikon da ake yin ƙwaƙwalen da su suna lalacewa. Shugabanta ya ce ta gano inda take fitowa, in ba haka ba a ba wani mutum sashen, kuma izinin zamanta a ƙasar a kan aikin yake rataye. Ta sa an canza matatun iska, an wanke injina, abin bai sauka ba. Ta rame. Ni kuwa ganin ta rame sai na ƙara turare.

Wata rana ina gyara ɗakinta na ga leda a ɗaure a bayan sif. Doguwar riga ce da hula da ɗankwali, wankin injin haya na ƙasan bene, ba ƙamshin komai. Na gane a mota take shirin canza kaya. Raina ya sosu, na ɗauka kunyar ƙamshinmu take ji a cikin 'yan Malesiya. Sai kuma na ce wa kaina wataƙila dai ba ta son ta ƙara mini aiki ne. Washegari na kwance ledar, na ba su hayaƙi sosai, na mayar na ɗaure.

Da ta fito za ta tafi, ta ɗaga ledar ta shinshina, sai ta zauna a kan kujera.

"Hajiya, har da waɗannan?"

"To laifi ne? Ko warin mutanen gida ne ba kya so?"

Ta buɗe waya ta miƙo mini wani hoto: layuka a jere kamar kunyoyin gona, ga wani baƙin dutse ya faɗo a tsakiya ya danne su. Ta ce ƙurar ke nan a kan faifan silikon, an ƙara girman hoton ne, gashin kai ya fi dutsen nan kauri nesa ba kusa ba. Ta lura yana yawaita ne a ranakun da ita da kanta ta tsaya kan injin, kuma tana zargin tokar hayaƙin da ke maƙale a zaren kayanta ce ke sulalowa ta wuyan rigar aiki. Yau ce ranar gwajin da zai tabbatar, shi ya sa ta ɓoye kayan.

Na tambaye ta me ya hana ta faɗa mini tun farko.

"Turaren nan kaɗai kike mini magana da shi," in ji ta, tana kallon ƙasa.

Na rasa inda zan sa idona, sai na ce ta tashi ta sake wanka, har gashi. Duk abin da ke gidan nan ya sha hayaƙi, akwatina kuwa ba a magana. Shaguna a rufe. Na sa takunkumi na ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar ƙasar da muke gaisawa daga nesa. Na haɗa Larabci da ɗan Turancin kasuwa da hannu, na nuna riga, na toshe hanci. Ta yi dariya har takunkuminta ya zame, ta ce "Boleh, boleh," wato ba matsala. Jim kaɗan ta rataya leda a hannun ƙofarmu: riga da zane irin nasu na 'yarta, da mayafi. Sun yi wa tawa 'yar ɗangale, na ce ta tafi haka, ai ba biki za ta ba.

Tun da cutar ta zo, in ta dawo ba ta gaishe ni sai ta shige banɗaki ta yi wanka, don kada ta kwaso mini wani abu. Ran nan da na ji ƙarar ruwa, na kunna kasko, na turara kayan zaman gida kaɗai, na rataya mata a ƙofa. Ta fito tana ƙamshi, ta zauna kusa da ni fiye da yadda ta saba.

Na ce, "Ke, ƙurar taku fa?"

"Ta sauka, Hajiya."

Na ce to madalla, kayan aikin kuma ta riƙa barin su a mota, don ni ban yarda da hannuna ba.