Tofin Inna a Kan Baƙin Gilashi

Matar Auta ce ta fara gaya wa Inna irin aikin da ɗanta yake yi. Wai gilashi yake gogewa, baƙi wuluk, ido ba ya ratsa shi, amma in an sa shi a na'ura sai ya nuna mutum ko a cikin duhu. Inna ta ajiye carbi. Abin da ba ka gani ta cikinsa, shi kuma yana ganinka, ai madubin boka ke nan. Daga ranar ta daina cin abincin gidansa.

Shi Auta tun yana ƙarami haka yake, cokali ɗaya sai ya goge shi har ya ga haƙoransa a ciki. Ya yi gyaran tabarau, daga nan masana'anta ta ɗauke shi. Inna ba ta taɓa kama shi da ƙarya ba, amma ai ruwa ba ya tsami banza.

Da ya ga uwarsa tana ramewa, sai ya roƙi maigidansa ya bari ta zo ta gani. Aka sa mata hula da takunkumi da safar hannu. Ta ce a ranta, aikin halal ba ya rufe fuska. Ya nuna mata faifai yana juyawa, wani farin ruwa yana ɗiga, gilashin yana shafarsa a hankali. Ya ce ƙarzuwar da ba ta kai silin gashi ba ta isa ta ɓata hoto. Wai gilashin ɗumin jiki yake gani, da shi 'yan kwana-kwana ke gano wanda hayaƙi ya rufe.

Yana juya baya ta zare takunkumi, ta karanta abin da ya sawwaƙa, ta tofa a kan wanda ya gama. In akwai aljani a ciki, to ya ƙone.

Auta ya daɗe yana kallon ɗigon yawun.

"Inna, kin mayar da ni farko."

"Yo ai gara haka. Ka ga ko motsi gilashin bai yi ba, ashe ba aljani a ciki."

Ranar ta ci abinci har da ƙari, ta sa masa albarka. Ya rantse mata gilashin ba ya ratsa bango, ta ce ta ji, amma duk da haka ta ƙara labule mai kauri a ɗakinta.

Yanzu haka yana can sunkuye a kan faifansa yana goge wani. Maigidan kuwa ya ce a gaida Inna, amma ta riƙa yin addu'arta daga bakin ƙofa.