Muryar da Muka Ji a Bangon Banɗaki

Ko da zan manta da komai na zaman da na yi a Jidda, wata la'asar ta ranar Juma'a a unguwar Bani Malik ba za ta taɓa fita daga raina ba. Shekaru sun ja, amma har yau ina tuna ta kamar jiya ta faru.

A lokacin ina aikin jinya a wani asibitin kuɗi, kwantiragi ne ya kai ni daga Zariya. Mu biyu muke zaune a hawa na uku na wani tsohon bene, ni da abokiyar aikina, 'yar Jos, mai haɗa magunguna. Bayan aiki, abin da ya ƙulla mu shi ne son littattafan ban tsoro. Ta ukunmu wata matashiya ce da ke karɓar marasa lafiya a asibitin, haifaffiyar Jidda, kakanninta ne suka zo aikin Hajji suka zauna. Hausarta rabi Larabci ce. Duk Juma'ar da ba mu da aiki takan zo daga unguwarsu ta Nuzla, mu dafa shayi da na'ana'a, mu baje a kafet mu yi ta musu a kan abin da muka karanta.

Ra'ayinmu bai taɓa zuwa ɗaya ba. 'Yar Jos ba ta yarda littafi ya ba da tsoro ba sai an ga kofato ko jini. 'Yar Jidda ta fi son na Larabci, masu tsofaffin gidaje da tagogin katako. Ni kuwa na fi son wanda marubucin ba zai nuna maka komai ba, sai dai ya bar ka da motsin da ba ka san na mene ne ba. A wannan makon wani na Hausa muka karanta a waya, labarin wani mai haƙar rijiya da yake jin ana kiran mutane daga ƙasan ramin. Duk wanda ya amsa kiran, washegari sai a ji tasa muryar a cikin masu kira. Mun yarda littafin ya cancanci a karanta, musun kawai a kan babin ƙarshe ne. Ina cikin cewa marubucin ya ɓata shi da yawan bayani, sai 'yar Jidda ta ɗaga hannu.

"Dagiga, Anti, ku ɗan dakata. Kun ji?"

Muka yi shiru. Ba abin da ke tashi sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Har 'yar Jos ta buɗe baki za ta yi dariya, sai muka ji shi: ƙarfe yana bugun ƙarfe, a hankali, daga wajen banɗakinmu. Ya tsaya. Ya sake farawa.

Banɗakin namu bango ɗaya ne da na maƙwabta. Mu kuwa da idonmu muka ga maigidan da matarsa da yaransu sun loda jakunkuna a mota a tsakiyar mako, suka ce mana Madina za su. Tun ranar ƙofarsu a kulle take. 'Yar Jos ta ce ai bututun ruwa ne, zafi ke sa shi motsi, amma muryarta ba ta yi kama da ta wadda ta yarda da abin da take faɗa ba.

Ni na shige gaba, ba don jarunta ba, don ni ce babba. Muna shiga banɗakin bugun ya tsaya. Akwai wata 'yar taga ta iska can sama, kusa da ta maƙwabtan. Ta nan muka ji wani nishi mai tsawo, sannan wata murya siririya, a dishe, da Hausa tsantsa:

"Bayin Allah… bayin Allah…"

'Yar Jos ta damƙe damtsena har faratanta suka shige ni. "Yaya, don girman Allah kar ki amsa," in ji ta cikin raɗa. 'Yar Jidda tuni ta fara Ayatul Kursiyyu tana ja da baya. Yau abin yakan ba wasu dariya idan na ba su labari, mata uku masu ilimi da rana tsaka. Amma duk wanda ya kwashe mako da littafi irin wannan a kansa ya san abin da nake nufi. Ni ma har na juya zan fice.

Nishin ne ya tsayar da ni. Na san shi. Na sha jin irinsa a ɗakin masu karaya, nishin wanda ke tsoron jan numfashi sosai don kada ciwo ya motsa. Na ce, "Wane ne?"

"Ni ce, 'yar nan. Na faɗi. Tun asuba nake nan."

Ashe mahaifiyar maigidan ce. Fiye da shekara muna maƙwabtaka, ba mu taɓa sanin akwai tsohuwa a gidan ba. Ba ta leƙa ko ƙofa, kuma ba ta bi su Madina ba saboda binciken takardu a hanya. Santsi ya kwashe ta wajen alwala, wayarta tana ɗaki, kuma banɗakin ba shi da sanyi, ga zafin Jidda na tsakiyar bazara. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, yanzu za mu kira motar asibiti. Sai muryar ta ƙara ƙarfi, kamar ba ita ba.

"A'a! Kada ku kira kowa. Ba ni da iƙama, takardar izinin zama. Na haɗa ku da Allah."

Nan tsoron littafi ya tafi, wani wanda ya fi shi ya zo. 'Yar Jidda ta sauka ta taho da mai gadin benen. Ba shi da mabuɗi, kuma ya rantse ba zai fasa ƙofar mutane ba. Lambar maigidan kawai ya ba mu. Na kira shi na faɗa masa abin da ya faru. Ya ce yanzu zai kamo hanya, mu jira shi, kada mu sa hukuma a ciki. Daga Madina zuwa Jidda kuwa ba nan kusa ba ne.

Na hau kan bokiti na kai bakina tagar, na shiga yi mata tambayoyi. Za ta iya ɗaga ƙafar? Ba za ta iya ba, kuma ƙafar ta juye waje. Ta sha ruwa? Famfon ya yi mata nisa. Tana da ciwon suga? Tana da shi, kuma ba ta ci komai ba. 'Yar Jos ta jawo ni gefe ta ce, "Yaya, ki yi tunani. Mu ma baƙi ne. Idan aka ce mun san da ita fa? Kafilin da ya kawo mu aiki zai tsaya mana?" Ban ga laifinta ba, domin tambayar tana cikin nawa ran.

Na koma tagar na ci gaba da jan Hajiyar da hira don kada ta yi barci. Ta ce daga wani ƙauye kusa da Maraɗi ta zo tun tana da ƙuruciya. Can sai amsoshinta suka fara karkacewa. Ta fara kirana Inna, tana cewa in sauke tukunya kada ta ƙone. Daga nan sai shiru. Na kira, na sake kira, na buga bangon da tafin hannu. Ba nishi, ba bugu. Ban taɓa karanta shafin da ya kai wannan shirun tsoro ba.

Na sake kiran maigidan na ce, "Alhaji, Hajiya ta daina magana. Zan kira motar asibiti. Ba izini nake nema ba, sanar da kai nake yi." Ina jin ƙarar mota a bayansa. Sannan ya ce, "Ki kira."

"Halas, yalla, shi ke nan," in ji 'yar Jidda, wayar tana hannunta tun kafin ya rufe baki. Ita ta yi musu bayani da Larabci. 'Yar Jos, wadda ta fi kowa tsoro, ita ta sauka titi ba ko takalmin kirki ta tsaya tana nuna musu benen.

Da motar ta iso aka ɓalle ƙofar, muka sami tsohuwar kwance a kan tayil, 'yar ƙaramar tsohuwa, leɓɓanta sun bushe sun tsage. Wani kofin silba ne a hannunta, duk ya lotse, yatsunta sun kumbura saboda bugun bututu. Na taɓa wuyanta na ji jijiya tana harbawa a raunane, sai kawai na ji hawaye suna zubo mini.

Ta rayu. An yi mata aiki a ƙugu, ta tashi da sanda. Amma abin da take tsoro ya faru, maganar takardu ta taso, kuma bayan ta warke aka mayar da ita ƙasar da ta bari tun kafin a haife ni. Mu ba wanda ya ce mana komai. Ranar da na fara zuwa duba ta, ta juya mini baya, ta ƙi kallona. Sai ana gab da tafiyarta ta aiko a kira ni. Ta riƙe wuyan hannuna ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "Kin tona mini asiri, 'yata. Allah Ya rufa naki."

Har yau ina karanta littattafan ban tsoro, ina kuma ba mutane shawarar waɗanda suka dace. Abin da ranar ta koya mini shi ne, idan wani abu ya firgita ni, kafin in gudu in tsaya in tambayi kaina ko akwai wanda ya fi ni firgita a ɗaya gefen, yana jiran in amsa. Kuma duk gidan da na tare tun daga lokacin, nakan ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta in gaishe su, in tambaya ko akwai tsoho ko marar lafiya a ciki.