Lambar Mai Albasa

Babana ya yi shekara da shekaru yana sayar da albasa a kasuwar Adjamé, buhu-buhu, kuma duk kasuwancin a kan mutum guda yake rataye: wani dattijo a Nijar da ke loda masa kamiyo, babbar motar kaya. Ba wanda ya san sunansa sai Baba. Lambarsa tana cikin wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, an ajiye ta da sunan "makanike".

Wai dabara ce. Baba ba ya tsoron wuta, ba ya tsoron ruwan sama da ke shigo mana magaza, ɗakin ajiyar kaya, kowace damina. Ƙanensa yake tsoro, Baffana, mai rumfa a layin baya, kada ya ƙwace masa dattijon.

Da na bar lekol, wato makaranta, na fara zama rumfar, na ce, "Baba, bari in rubuta lambar nan a takarda. In wayar ta faɗi fa?"

Ya ce, "Bokon naku ke nan? A rubuta asiri a ajiye wa ɓarawo?"

Ɓarawon bai jira takarda ba. A cikin gbaka, motar haya, aka zare wayar daga aljihun babbar riga, ana saura kwana biyu a kira dattijon. Baba bai haddace ko rabin lambar ba. Dattijon kuma ba ya kiran kowa, shi ake kira.

Mako uku rumfa ba komai sai ɓawon albasa. Matan da ke saye wurinmu suka koma gaba. Mai wurin da muke haya ya fara zuwa da wani mai tumatir yana nuna masa faɗin rumfar, a gabanmu.

Ni aka tura tashar Adjamé in bi direbobi ina tambaya: wa ya san wani tsoho mai albasa, mai ɗan gemu? Suka yi ta dariya. Wani ya ce, "Ƙanwata, can ko akuya gemu gare ta." Kafin la'asar duk tashar ta ji asirin da aka ɓoye wa 'ya'yan gida.

Ina dawowa na biya wurin Baffa, ba da izinin kowa ba. Yana cin gyaɗa, ko kai bai ɗaga ba.

"Tsohon nan? Ai ni ma wurinsa nake saye, tun kina goye. Kawo hannunki."

A tafin hannuna ya rubuta ta da biro.

Kamiyo ya iso, rumfa ta tsira, rabin matan ba su dawo ba. Baba ya sayi sabuwar waya, ya ɗaure ta da igiya a wuyansa. Darasin da ya ɗauka ke nan. Ni kuwa, tun ranar da ya kira dattijon ya sa na wanke hannu a gabansa, da sabulu.

Yanzu ina da tebur nawa a Treichville, kusa da tashar Bassam. Mutum uku ke kawo mini kaya. Lambobinsu na jikin bangon bayan teburin, rubuce da gawayi, da ta dattijon a sama. Duk ranar da Baba ya zo, baya yake juya wa bangon.