Mai Dubawa Na Biyu

Wai a ɓoye ake yi. Wata mujallar binciken magunguna ta turo mini takarda in duba, an goge sunan marubucin, shi ma ba za a gaya masa nawa ba. Mutum biyu ke dubawa, kowa ya rubuta ra'ayinsa, edita ya yanke hukunci: a buga, a gyara, ko a mayar. Wannan ɓoyo sai dai a manyan birane. A Zuru? Ban gama shafin farko ba na gane mai ita. Mutum nawa ne ke bin masu ciwon suga daga Manga har Kanya yana yabon jiƙon ɓawon wani itace? Maigidana ne a wurin aiki, wanda ya koya mini haɗa magani, ya tsaya mini har na samu aiki.

Ya ce jiƙon na sauke suga. Da na duba lokutan awo sai na dafe kai. Awon farko bayan girbi ya yi shi, manomi na hutawa a inuwa, tuwon dawa safe da yamma, ga bukukuwa. Na biyu kuwa tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, mutum na duƙe a gona wuni zubur. Haba! Ko ruwan rijiya ka ba shi, suga zai sauka. Kuma na san mutanenmu: in aka buga wannan, gobe za su jefar da ƙwayar asibiti su rungumi jiƙo.

Ƙa'ida ita ce in gaya wa edita na san shi, in janye. To in na janye, wa zai lura da damina? Na kwana uku ina jin haushin kowa, har da kaina. Takarda ɗaya tak dattijon ke nema a ƙara masa girma kafin ritaya. Duk da haka na rubuta cewa a sake awon a lokaci guda na shekara, ba a bugawa haka.

Bayan wata biyu sai ga dattijon a ɗakin magani yana huci.

"Ɗana, karanta ka ga rashin mutunci! Mai dubawa na farko ya ce madalla. Wannan na biyun, wani ɗan birni ne da bai taɓa riƙe fartanya ba."

Ni da har yau tafin hannuna ke da kantar fartanya! Na karɓa na karanta.

"Baba, anya ba shi da gaskiya kan damina?"

"Kai ma? Jawo kujera. Kai ka iya Turancinsu, mu ba shi amsa mai zafi."

Na jawo kujera, yana faɗa ina rubutawa, na zazzaga wa kaina rashin mutunci shafi biyu. Edita ya turo mini amsar, na sake cewa a'a.

Dattijon ya yi ritaya a matakin da yake. Har yau in mun haɗu a kasuwa yakan riƙe hannuna, ya gaya wa mutane ni kaɗai na tsaya masa.