Tafiyarmu Kwatano da Rakiya

Tawa

Ba a kira assalatu ba muka fito daga gida. Kabu-kabu uku na jiranmu a ƙofa, tun da maraice muka yi magana da su. Maigidana Malam Idi ya hau na gaba da babbar jaka, ɗanmu Abdu ya hau na biyu da buhun tsaraba, ni kuma na sa Rakiya tsakanina da mai babur, na lulluɓe ta da bargo. An kwana ana ruwa, garin da sanyi-sanyi.

Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Tawa, Malam kuma ma'aikacin lafiyar dabbobi ne. Abdu shekararsa goma sha uku, Rakiya tara, kuma da amosanin jini aka haife ta, ciwon nan da wasu ke kira sikila. Kowane dogon hutun damina Abdu kan tafi Bambeye wajen kakarsa ya taya su noma, ita kuwa tana gida tare da ni. Tafiya mafi nisa da ta taɓa yi ita ce Yamai, nan ma kwance a cinyata, za mu ga lokotoro a asibiti. Shi ya sa a shekarar nan, lokacin ba a kai ga rufe gadar Gaya ba, da yayana Sale mai sayar da albasa a Kwatano, can bakin teku, ya sake cewa mu kawo masa yara hutu, na ce da Malam za mu je, kuma mu huɗu za mu je.

Tun da bazara muka fara shiri. Muka nemo takardun haihuwarsu da katin lakwal, aka yi mana allurar shawara aka ba kowa katin shaidarsa. Lokotoron da ke duba Rakiya bai hana ba, sai dai ya kafa mana sharuɗɗa: ta riƙa shan ruwa ko ba ta jin ƙishi, a kiyaye ta da sanyi da sauro, kada kuma a yi mata doguwar tafiya a zama ɗaya. Ya rubuta mana bayanin ciwonta da Faransanci, ya ƙara mana magani. Saboda haka ba mu yanki tikitin motar da ke wucewa kai tsaye ba, muka raba hanyar zango-zango.

Wadda ba ta yarda ba ita ce Inna, uwar Malam. Takanas ta taso daga Bambeye. Ta ce da ɗanta, "Ɗiyar ga da ko bakin rijiya ba mu bari ta tai, ita za ku kai ga ruwan da ba shi da iyaka?" Malam ya lallashe ta har ta yarda ta zauna ta tsare mana gida. Da za mu fita ta tofa wa Rakiya addu'a a ka, ta cusa mata cuku a jaka. Ni ko kallona ba ta yi ba.

Tawa zuwa Doso

A tasha muka yi sallar asuba, babbar mota ta tashi gari na wayewa. Ba mu kai Badagishiri ba na ji sanyin na'urar motar yana sauka daidai kan Rakiya. Na toshe hujin da ɗankwalina, bai isa ba. Na je gaba na yi wa direba bayani. Ya ce in ya kashe na'ura fasinja za su cinye shi ɗanye, amma ya umurci yaron motarsa ya sauya mana kujera. Wani dattijo Buzu ya tashi ya ba mu tasa can baya inda sanyin bai kaiwa sosai, ya koma tamu ya ƙara naɗe rawaninsa.

A Ƙonni muka karya da shayi da masa. Jandarmomi sun tsayar da mu wurare da dama, su karɓi katin kowa su duba su mayar, ba wanda ya ɓata mana lokaci. Rakiya ba ta runtsa ba. Kowane allon gari sai ta karanta shi da ƙarfi, da muka hango dutsen Dogon Dutsi kuwa ta tashe Abdu daga barci don ya gani, ya ture hannunta ya juya.

Bayan azahar muka shiga Doso. Muka sauka gidan Madam Hamsatu, Bazabarmar da muka yi makarantar horon malamai tare. Ta tarbe mu da dambu da kwaɗon zogale, ta riga ta ɗaura wa yara gidan sauro tun ba mu iso ba. Muka kwana lafiya.

Gaya da gada

Da hantsi muka shiga ƙaramar motar haya zuwa Gaya. Tun daga nan ƙasa ta fara sauya kama. Itatuwa suka yi tsawo, ga giginya jere, ga kore ko'ina, ba irin duwatsun ƙasarmu ta Adar da yara suka saba gani ba.

A bakin iyaka an fi tsananta bincike kan yara, don ana satar su a ƙetara da su aikatau. Ɗan sandan ya jera takardunmu a tebur, ya dube ni, ya dubi Rakiya, sannan ya tambaye ta da Faransanci ko wace ce wannan matar. Ta amsa masa cewa a gida mamanta ce, a lakwal kuma madam ce, kuma ta lakwal ta fi faɗa. Ya yi dariya har ya ajiye biro, ya buga mana hatimi.

Muka hau gadar Kwara. Damina ta cika kogin, ruwan ja wur, ga masu kwale-kwale can ƙasa. Rakiya ta tambaya ko tekun ke nan. Abdu ya ce mata teku ya ninka wannan sau dubu, kuma shi da ya isa iyo zai faɗa, ai ya iya tun a tabkin Bambeye.

Malanbil zuwa Paraku

A Malanbil, garin da ke ƙetaren gadar, muka ci shinkafa da kifi, muka sami wata motar haya mai zuwa Paraku. Kuɗinsu sefa ne irin namu, ba wahalar canji. Kuskuren da aka yi shi ne ba mu gwada gilasan motar ba kafin mu biya. Wajen Kandi hadari ya haɗu, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, sai ga shi gilashin gefenmu bai rufuwa duka. Malam ya tare kafar da rigarsa, Abdu ya sauya wuri da ƙanwarsa, duk da haka bargon ya jiƙe, ƙafafunta suka yi sanyi ƙarara. Da ruwan ya tsagaita na sa direba ya tsaya na sauya mata kaya, yana ta gunaguni.

Da magariba muka isa Paraku, muka kama ɗaki a wani masauki kusa da tasha. Aka kawo mana sakwara da miyar gyaɗa da soyayyen cukun Fulani da suke kira wagashi. Abdu ya share kwanonsa ya leƙa nawa. Rakiya loma biyu ta yi ta ce ta ƙoshi.

Da na tashi sallar asuba na same ta ido biyu, ta cusa gefen bargo a baki tana cizo, hannunta riƙe da ƙaurin ƙafar dama. Ashe ta daɗe a haka, ta ƙi tashe mu don kada a ce an fasa tafiya. Na ba ta maganin da muka zo da shi, na gasa mata ƙafar da ruwan ɗumi. Da rana ta fito ciwon bai sauka ba, sai mai masaukin ya kwatanta mana wani ƙaramin asibiti, muka kai ta. Lokotoron wurin mace ce. Ta karanta takardar da muka zo da ita, ta auna jini, ta ce ba zazzaɓin cizon sauro, jinin kuma bai yi ƙasa sosai ba. Aka ɗaura mata ƙarin ruwa, aka yi mata allura. Kwana biyu muka yi a can.

A rana ta biyu Malam ya ja ni baranda. Ya ce shi ya ga abin da ya gani, mu juya gida. Ya ce in wani abu ya sami yarinyar nan a ƙasar mutane, da wane ido zai dubi Inna. Na ce masa daga inda muke Kwatano ta fi Tawa kusa nesa ba kusa ba, can akwai manyan asibitoci, ga Yaya Sale, lokotoro kuma ta ce in ciwon ya lafa za ta iya wuni ɗaya a mota. Bai gamsu ba. Muna cikin haka muka ji muryarta ta taga, ashe tana jinmu.

Ta ce, "Baba, in mun koma, da ciwon za mu koma. A Tawa ma yana tashi. Can in ya tashi bango kawai nike kallo."

Malam ya bar ni a barandar. Ya shiga ya zauna bakin gadonta, ya ce in ta shanye kwanon kunun da ke gabanta, gobe zai je ya nemo mota mai gilashi lafiyayye. Ta shanye tas. Washegari shi da kansa ya bi gilasan motar ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa yana saukewa, direba na kallonsa kamar mai shirin sayen motar.

Kwatano

Hanyar kudu ta yi mana daɗi. A Dasa muka sayi garin rogo, bayan Bohikon kuma abarba, irin doguwar nan mai farin ciki da zaƙi kamar zuma. Da la'asar muka shiga Kwatano. Masu babur ɗinsu da ake kira zem, duk da rawayar riga, sun cika titi kamar fari. Yaya Sale na jiranmu a tasha. Ya ɗaga Rakiya sama ya ce, "Ke ce kika tsayar da mutane a Paraku? To kin iso, sai ki ci garin." Matarsa Balki ta ba mu ɗakinta a unguwar Zongo, inda Hausa kawai kake ji kamar kana Ƙonni.

Kwana biyu na hana kowa fita da ita, ta huta ta ci ta sha. Abdu kuwa kullum yana bin kawunsa kasuwar Dantokpa. A layin albasa ya tarar da samarin Bambeye da na Takanamat da suka zo biɗa, wato neman kuɗi, suka yi ta tambayarsa labarin damina da tsawon hatsi a gida. Ya dawo yana ji da kansa, wai shi ne mai kawo labari.

Ranar da za mu bakin teku sai da muka jira rana ta take, don a watan Agusta iskar can da sanyi. Na sa wa Rakiya rigar sanyi. Tun ba mu ga ruwan ba muka fara jin rurinsa. Da muka haura tudun yashi ya bayyana gaba ɗaya, mu huɗu muka tsaya cak, ni ma da nake koyar da shi a allo shekara da shekaru ban taɓa ganinsa ba. Abdu ya tuɓe riga ya nufi ruwa da gudu. Igiyar farko da ta taso ta fi shi tsawo, ya juyo da gudun da ya fi na zuwa, bai tsaya ba sai bayan kawunsa. Rakiya ta yi dariya har da riƙe ciki. Yaya Sale ya ce gara haka, ruwan wurin yana jan mutum, ko ƴan gari ba su wasa da shi.

Malam ya riƙe hannunta suka taka zuwa inda yashi ke da laima. Na ce sau ɗaya tak, kuma iya idon sawu. Kumfar ta zo ta rufe ƙafafunta ta koma, tana jan yashi daga ƙarƙashinta. Ta ƙanƙame babanta, sannan ta duƙa ta ɗanɗana ruwan ta tofar. Na goge mata ƙafa na sa mata safa.

Can gaba masunta na jan taru daga teku, mutum wajen talatin a igiya ɗaya, suna waƙa da harshensu. Rakiya ta matsa tana kallo. Wata mata a ƙarshen layin ta miƙo mata bakin igiyar. Ta dube ni, na ɗaga mata kai. Ta kama, tana ja da baya tare da su, tana bin amshin waƙar da ba ta san ma'anarta ba. Ba ta daɗe ba ta gaji ta saki, amma da tarun ya fito matar ta kira ta, ta zuba mata ƙananan kifi a leda, ta nuna da hannu cewa rabonta ne. Da daren Balki ta soya su, Rakiya ce ta raba wa kowa, ta ba Abdu mafi ƙanƙanta.

Komawa gida

Mako biyu muka yi. A dawowa muka bi zangonmu na zuwa, Paraku, Gaya, Doso. A Paraku muka biya asibitin nan muka kai wa lokotoro abarba. Ciwo bai sake tashi ba. Ranar Alhamis bayan la'asar muka sauka a tashar Tawa, hatsi ya yi kai a gonakin bakin gari.

Inna na zaune a tsakar gida. Ta jawo Rakiya ta shafa hannuwanta da ƙafafunta, ta buɗe idonta ta duba, sannan ta ɗago ta ce mini, "Sannunki da ƙoƙari." Kafin magariba gida ya cika da maƙwabta da ƴan ajinsu. Rakiya na tsakiyar tabarma tana raba kwakwa da ƙwanson teku, tana kwaikwayon gudun Abdu, kowa ya shigo ya ce mata barka da zuwa, ya hanya, ya mutanen Kwatano.

Da mutane suka watse ina kwashe kwanuka, ta biyo ni madafa ta tsaya a bakin ƙofa.

Ta ce, "Mama, kin lura? Yau mutane sun cika gidanmu saboda ni, kuma ba wanda ya ce mini ya jiki."

Na ajiye kwanukan, na ce na lura.

Mun gode wa Madam Hamsatu, da Yaya Sale da Balki, da lokotoron Paraku, da dattijon nan da ya ba mu kujerarsa ba mu ko tambayi sunansa ba. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu, ya nuna mana, ya dawo da mu gida mu huɗu.