Bu Gyeong-ja, Wadda Ta Hana Ni Ganin Fayil Ɗin Mahaifiyata

Kowace safiya, kafin a buɗe ƙaramin asibitin tsibirinmu, Bu Gyeong-ja ta riga ta kunna kwamfuta, ta ɗora shayin sha'ir, ta leƙa taga ta duba teku. In ya kwanta, ta san bencin masu jiran likita zai wuni wayam, don tsofaffin matanmu masu nutso sun tafi ɗebo dodon koɗi a ƙarƙashin ruwa. Ita ce mai kula da bayanan marasa lafiya, kuma a watan nan take ajiye aiki.

Lokacin da aka ce a kwashe fayilolin takarda a zuba a kwamfuta, matan nan suka ƙi, mahaifiyata ce ma kan gaba. Gyeong-ja ta bi su har bakin ruwa, inda suke jin ɗumi bayan sun fito. Waɗanda ke wurin sun ba ni labari.

Mahaifiyata ta ce, "Ke 'yar nan, an ce abin da aka sa a akwatin nan har Seoul ake gani. 'Ya'yana su ga abin da ke jikina su ƙwace min kayan nutso? Gara ki binne ni."

"Gwaggo, likitan da zai duba ki ne kawai zai gani. Ko 'yarki ta zo da kuka, sai kin yarda."

"Kin rantse?"

"Na rantse. Amma ke ma ki faɗa min gaskiya. Garin maganin ciwon kan da kuke afawa kafin ku shiga ruwa fa?"

"Wannan ai ba magani ba ne, karin kumallo ne."

Aka yi dariya, amma ta faɗa. Abin da ba su taɓa gaya wa likita ba, ranar ya shiga fayil.

Ni ce 'yar da ta zo da kuka, daga Seoul inda nake zaune, ina neman a nuna min fayil ɗin mahaifiyata. Ajinmu ɗaya da Gyeong-ja a firamare, na ɗauka magana ɗaya ta isa. Ta zuba min shayi ta ce, "Mi-ok, uwarki tana nan gida da bakinta. Je ki tambaye ta." Na koma Seoul ina cika ina batsewa.

Bara mahaifiyata ta faɗi a matakala a birnin Busan, ƙugunta ya karye, ba ta san inda kanta yake ba. Likitan can bai taɓa ganinta ba. Ya nemi bayananta daga tsibiri, ya ga garin maganin nan da ke tsinka jini, ya tanadi jini kafin ya taɓa ta. Ta zubar da jini sosai, amma ta tashi.

Gyeong-ja, mai riƙon amana, ke ce kika gane cewa kwamfuta ba ta san komai sai abin da tsohuwa ta yarda ta faɗa. Da kin buɗe min fayil ɗin nan, da labari ya zaga tsibiri, da ba wadda za ta ƙara gaya miki gaskiya.

Masu gadon kujerarta, ku koyi cewa a'a, ko ga aminanku. Na gode, ƙawata. Mahaifiyata ta koma ruwa, iyakar ƙugu dai. Sauran abin da ke fayil ɗinta har yau ban sani ba, amma tana raye, kuma in na tambaya sai ta ce in je in ci abinci.