Shafukan da Jannatu Take Tsallakewa

Shekara ashirin da biyu ke nan Jannatu tana kitso a tsakar gidanta, bayan kasuwar Matamaye. Aji huɗu ta yi a lakwal, makarantar boko, amma karatun Hausa bai gagare ta ba. In hannu ya gaji sai ta bar wa ƙanwarta Habi kitson, ta ɗauki littafi ta karanta wa masu jira.

Bango ɗaya ne tsakaninta da shagon mijinta, Sadisu tela. A ƙaramar sallar bana ya ɗinka wa rabin unguwa kaya, ya bar atamfarta a ninke. Da kayan bara ta je idi. Tun ranar ba abin da ke haɗa su sai "ga abinci" da "sannu", har kwana talatin da bakwai.

Cikin kwanakin ne aka kawo mata wani littafi daga Damagaram, labarin zamanin fatake. Wani madugu da matarsa sun rabu shekara bakwai, suka sake haɗuwa a zango kan hanyar Agadas. Marubuciyar ba ta ɓoye abin da ke faruwa bayan an saki labule. In Jannatu ta iso irin wurin sai ta lashi yatsa, ta juya shafi uku, ta ce, "Gari ya waye."

"Yaya, wannan garin akwai saurin wayewa," in ji Habi.

Da aka gama dariya, wata mai jira ta tambaye ta yadda ta ga littafin.

"Ya yi daɗi, raƙuman kamar ki ji warinsu. Amma marubuciyar ba ta san aure ba. Mutum ya dawo hannu rabbana, sai zaƙin baki, ki buɗe masa ƙofa? Namiji da hannu yake ba da haƙuri."

Da gangan ta ɗaga murya. Ta daɗe da lura cewa duk sa'ad da ta buɗe littafin, keken ɗinkin bayan bango yakan yi shiru.

Daga nan keken ya tashi, bai huta ba har la'asar. Washegari da hantsi Sadisu ya yi sallama, mata suka ja mayafi. Ya ajiye riga da zani a kan tabarma, wuyan rigar ya sha aiki.

"Jannatu, ga shi. Sallah ta wuce, amma biki bai ƙare ba."

Ta ɗaga rigar, ta duba ɗinkin ciki da waje. "Hannun ya yi faɗi."

"Zan rage." Ya kai bakin ƙofa, ya tsaya yana susar ƙeya. "Wai shi madugun nan, me ya faru a shafukan da ake tsallakewa?"

Habi ta saki kan da take kitsawa, ta kife da dariya. Jannatu ta tura littafin ƙarƙashin tabarma, tana cije leɓe.

"Maigida, fara rage hannun tukuna."

Juma'ar da ta biyo, da rigar ta je taron suna a garin Tsauni, a bayan babur ɗinsa.